Mu Yi Wa Gara Masauki Don Ƴan Zabinmu Su Rayu

A ƙasar Sin akwai mutanen da sana'arsu ita ce kiwon shanshani. Sukan gina masa ɗaki mai santsin bango don kada ya fita. Sukan zuba ƙasa mai laushi, su jera fasassun tukwane inda zai ɓuya, su riƙa yayyafa ruwa. In ya girma sai su busar da shi, su sayar wa masu haɗa maganin gargajiya. Mu a nan Kurni ba mu da kasuwar shanshani, kuma ba ma ba kowa shawarar ya kiwata shi. Amma akwai darasi a cikin lamarin. Ƙwaron da ake gudu yana iya zama dukiya, in an san masaukin da yake so da ƙasar da ta dace da shi.

Mu ma muna da irin wannan ƙwaro a ƙarƙashin ƙafafunmu. Gara ce. Ra'ayinmu shi ne duk gidan da ke kiwon kaji da zabi ya kamata ya tanadi tukunyar tara gara.

Ga dalili. Da damina zabuwa take yin ƙwai. Akan sa wa kaza ƙwan ta kwanta a kai kwana 26 zuwa 28. Ƴan zabi su fito gwanin sha'awa, amma kafin wata biyu da yawa sun mutu. Sanyi da raɓa da cuta suna da hannu a ciki. Haka ma yunwa, ko da kuwa ana watsa musu tsaba kullum. Ɗan tsako yana buƙatar abincin da ke da sinadarin gina jiki fiye da kashi 20 cikin 100. Gero kuwa abin da ke cikinsa bai wuce wajen kashi 11 cikin 100 ba. Ke nan ɗan zabo yana iya cika maƙoƙo da gero da dusa, amma jikinsa bai samu abin ginuwa ba. Gara tana da wannan sinadari da yawa, tana kuma da maiƙo. Garin kifi da abincin kaji na buhu suna da tsada, kuma damina lokaci ne da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, kuɗi ya yi wuya. Gara kuwa kyauta ce.

Wannan ba sabon abu ba ne. Iyayenmu sun san amfanin gara ga ƴan tsaki. A Burkina Faso da Gana da Togo, masu kiwo sun daɗe suna tara ta da tukunya. A shekarar 2013 Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da babban rahoto a kan amfanin ƙwari wajen ciyar da mutane da dabbobi. Abin da ya rage mana shi ne mu gyara yadda muke yi.

Abin da aka fi sabawa da shi shi ne fasa suri. Akan tura yara da gatari ko fartanya su saro suri su kawo gida. Muna ganin wannan hanya ba ta dace ba. Maciji da kunama suna fakewa a ramukan suri. In kuma aka yi ta sara har aka kai ga uwar gara, gidan ya mutu, baɗi babu abin ɗiba. Wanda ya yanka saniyar tatsa ya ci nama rana ɗaya, ya rasa nono har abada.

Hanyar tukunya ta fi sauƙi. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa ko tulun da ya tsage. Tukunyar ƙasa ta fi ta ƙarfe, domin tana riƙe sanyi. A cika ta da kandilo, da gutsattsarin karan dawa ko na gero, da totuwar masara. Tukar rake ma tana yi in ta bushe. A yayyafa ruwa har kayan su yi laima, amma kada su jiƙe sharkaf. A tokare bakin da ƴan itatuwa don kada kayan su zube. Kada a sa leda a ciki.

Zaɓen ƙasa shi ne rabin aikin. A duba inda gara ta yi rufinta na ƙasa a kan kara ko busasshen icce. Nan ne hanyarta take. A share wurin, a ɗan tone, a yayyafa ruwa, sannan a kife tukunyar da yamma. A rufe gefen bakin da ƙasa don haske da tururuwa kada su shiga. A ɗora ciyawa ko ganye a bisa saboda rana. Gindin itace mai inuwa ya fi fili. A guji kwarin da ruwa ke kwanciya, a kuma guji duk inda aka fesa maganin ƙwari, domin gubar tana iya kaiwa ga ƴan tsaki. Da sassafe ake ɗauka, tun rana ba ta yi zafi ba. Da zarar ƙasa ta ɗumama, gara takan koma ƙasa. In ba ta hau ba a kwana na farko, a ƙara mata kwana ɗaya ko biyu. In har yanzu shiru, a sake wuri.

Wani zai ce mana: gara da ke cin rumbu da azara da zana, ita za mu yi wa masauki? Tambaya ce mai ma'ana. Amsarmu ita ce tukunya ba ta haifar gara. Wadda ke wurin ce take jawowa, kuma kowace safiya ana rage ta. Duk da haka kada a kife tukunya a cikin gida ko kusa da rumbu. A kai ta bayan gari ko bakin gona. Mu tuna kuma cewa gara ba ɓarna kaɗai take yi ba. A shekarar 1989 wasu manoma daga Illela ta jihar Tawa suka ziyarci yankin Yatenga na Burkina Faso, suka dawo da dabarar inganta ramukan tassa. Takin da ake zubawa a ramin yana jawo gara. Ita kuma tana huda hanyoyi a cikin ƙasa, ruwan sama ya samu wurin shiga. Da haka aka farfaɗo da fako mai yawa.

Akwai abubuwan kiyayewa. Ba kowace gara ce ta dace da ƴan tsaki ba. Zago mai babban kai yana cizo, yana iya maƙale wa ɗan tsako a maƙogwaro. A ba ƙanana ƴar ƙaramar gara, a bar zago ga manyan kaji. In ana shakkar wani iri, a tambayi dattawan gari masu kiwo kafin a bayar. Gara ƙari ce a kan tsaba da dusa da ruwa mai tsabta, ba madadinsu ba. Kuma ba magani ba ce. Annobar kaji da ke zuwa da hunturu sai allurar rigakafi daga ma'aikatan kiwo.

Laimar da gara ke so, ita ce kunama da shanshani suke so. Saboda haka a fara ɗaga tukunya da sanda, a duba, kafin a sa hannu. Kada a bar wa ƙananan yara wannan aiki. In wani abu ya harbi mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu. In yaro ne, ko ciwon ya tsananta, a garzaya gidan likita.

Ƴan'uwa manoma maza da mata, ga roƙonmu. A wannan damina kowane gida ya gwada tukunya biyu ko uku. A rubuta ƴan zabi nawa aka ƙyanƙyashe, nawa kuma suka kai wata biyu. In kaka ta yi, mu zauna mu gwama lissafi da na maƙwabta. Zabon da ya rayu shi ne kuɗin magani da na littafin ɗan makaranta in an kai shi kasuwar Matamaye. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah ya ba mu damina mai albarka.