Daga Bakin Tasha: Haƙoran giyar baya, ka ɗaura da kanka ko ka kai wa fita?

Wani ɗan'uwa mai fataucin albasa a Bawku ya aiko mini da saƙo makon jiya. Ya ce giyar bayan motarsa ta fara kuka, ya aika Suame Magazine a Kumasi an sayo masa sababbin haƙora, ga su can cikin kwali a ƙarƙashin gado. Fitan da ya yi wa magana kuwa ya yanka masa kuɗin aiki da ya ga sun yi yawa. Ya ce, "Yaya, ni fa da kaina nake canza birki, da kaina nake canza sifirin. Wannan ma ai kwancewa ne da ɗaurawa, ko?"

A'a, ƙanena, ba haka ba ne. Na sani domin na taɓa yi, kuma kuɗin da suka tafi ba nawa ba ne, na uwargida ne.

Shekara uku ke nan. Lokacin hunturu ne, ina ɗaukar doya daga Salaga a tsohuwar Kia tawa, in bi ta Bimbila da Yendi in haura Bawku, in dawo da albasa. Sai motar ta soma wani kuka daga baya, wuuu, musamman in na ɗaga ƙafa daga totur. Aka buɗe aka ga haƙoran sun ci. Uwargida ta kwashi adashinta, wanda nan muke ce wa susu, ta ba ni ba tare da na roƙa ba. Na sayo babban faifan mai haƙora da ƙaramin da ke juya shi, abin da fitoci ke kira kuran wil da finiyo. Fitan unguwarmu mutumin kirki ne, ya gaya mini gaskiya: ba shi da ma'aunin saita su, in kai Tamale. Na zauna na yi lissafi. Kuɗin zuwa, kuɗin aiki, ga kwana biyu ba ciniki. Sai na ce ai ba wani tsafi ba ne. Ni da yaron mota muka shimfiɗa buhu a gindin mangwaro, muka jingina waya da dutse muna kallon wani Bature a YouTube, muka ɗaure komai tsaf.

Har Bimbila shiru kake ji, ina ta yi wa kaina kirari. Muna dab da Yendi kukan ya dawo, ya fi na da ƙarfi, sai kuma wani wari kamar na ƙonannen mai. Na tsaya na kai hannu jikin akwatin giyar, wallahi da ƙyar na janye shi. Da aka tsiyaye man, ƙyalli yake yi kamar an zuba garin azurfa a ciki. Ƙarfen haƙoran ne ya niƙe.

Wani dattijon fita a Yendi ya ciro su ya jujjuya a hannunsa. Ya ce, "Wa ya ɗaura maka wannan?" Na ce, "Wani yaro ne, Masta." Ya dubi faratana, baƙi ƙirin da tsohon giris, ya ce, "To in ka ga yaron ka ce masa ƙarfi yake da shi, ido ne ba shi da shi." Ban ce uffan ba.

Kwana uku na yi a garejinsa ina jiran wasu haƙoran, kuma a nan na ga abin da na tsallake. Kwance noti da ɗaure noti su ne mafi ƙanƙantar aikin. Shi ƙaramin haƙorin dole ya shiga cikin babban daidai gwargwado, kada ya nutse da yawa, kada ya tsaya a baki, kuma ana saita zurfin nasa ne da wasu siraran zobba na ƙarfe, wasu ba su fi takarda kauri ba. Sannan akwai ɗan wasan da ake bari tsakanin haƙori da haƙori domin mai ya ratsa, ƙarfe kuma ya sami wurin buɗawa in ya yi zafi. A ƙananan motoci wannan wasan yakan kama daga milimita 0.13 zuwa 0.25, kowace mota da adadinta a littafinta. Yatsa ba ya jin wannan. Wani agogo mai allura ake kafawa a jikin haƙorin a karanta. Boris ɗin ma akwai iyakar matsin da suke so: ka sassauta su yi rawa, ka matse da yawa su ƙone. Bayan duk wannan sai Masta ya shafa wa haƙora huɗu ko biyar fenti, ya juya su gaba da baya, ya duba inda fentin ya goge. In gogewar na tsakiyar haƙori, madalla. In tana gefe, a sake kwancewa, a canza zobe, a sake gwadawa. Sau huɗu ya kwance nawa kafin ya gyaɗa kai. Ni kuwa sau ɗaya na ɗaure na wanke hannu, har da tsofaffin boris na mayar don in rage kashe kuɗi.

Abin da ya fi ciwo shi ne, haƙori in ya ci a karkace ya ci ke nan. Ba a gyara shi da sabon saiti daga baya. Kuma ba a sayen ɗaya a bar ɗaya, tare ake goge su tun daga masana'anta, tare ake canza su. Ka ga na sayi kaya sau biyu, na biya kuɗin aikin da na guda, na biya wata mota ta kai doyar, wadda ta riga ta sha rana. Kasuwar Bawku bayan kwana uku-uku take ci, na rasa biyu a jere. Da na koma gida uwargida ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Sannu da hanya, Maigida, Allah ya tsare gaba." Da ta yi faɗan ma da ya fi mini sauƙi.

Ba ina cewa ka naɗe hannu ba ne. Akwai abin da za ka iya, kuma ya kamata ka fara da shi kafin ka buɗe wancan kwalin. Ka tabbata ma haƙoran ne ke kuka. Boris ɗin taya yana gurnani, amma nasa sautin yakan canza in ka karya kwana. Kuros na doguwar sandar da ke kai juyi baya yakan yi ƙwas in ka tashi ko ka sa ribas. Ka tsiyaye man ka duba: ɗan laushin gari a jikin notin ba komai ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji labari ne. Mutane da yawa sun sayi haƙora alhali boris kawai suke buƙata.

In kuma motarka irin wadda ake zare kan giyar gaba ɗaya daga gaban akwatin ce, kamar yawancin motocin kaya da muke ja, to ga inda za ka rage kuɗi da gaske. Zare sandunan taya, kwance kuros, sauke kan, wannan aikin ƙarfi ne, kai da yaronka kun isa, muddin kun tokare motar da kyau ba jak kaɗai kuka dogara da shi ba. Ka sa kan a buhu ka kai wa mai ma'auni ya saita, ka dawo ka mayar. Wasu ma sukan sayi kan giya na hannu, wanda aka ciro daga motar waje da saitinsa na asali, su ɗaura kawai. Wannan sa'a ce, amma in ka duba haƙoran da kyau sau da yawa ya fi sabo da aka ɗaura ba daidai ba.

Wani abu kuma, tunda Bawku kake. Ka ƙirga haƙoran tsohon da na sabon kafin kowa ya taɓa sifana. In babban na da 41, ƙaramin na da 10, ka raba, lissafin ya ba ka 4.1. In sabon ya ba ka adadin da ya fi haka, motar za ta ƙara ƙarfin ja, abin da kowa ke so in ya ɗauko albasa zai hau dutsen Nakpanduri. Amma za ta rage gudu, injin zai riƙa ihu a miƙaƙƙiyar hanya, mai zai ƙara tafiya, agogon gudu ma zai fara yi maka ƙarya. In adadin ya gaza, a kan dutsen za ka gane kurenka da cikakken lodi. Mai mota mai jan ƙafa huɗu kuwa, dole gaba da baya su zo ɗaya.

Shi fitan ma ba kowane ba. Kada ka tambaye shi ko ya iya, kowa ya iya. Ce masa ya nuna maka agogon awo, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da fentin. In ya ce shi da kunne yake saitawa, ka yi masa godiya ka ɗauki kwalinka. Ku yi ciniki har da sababbin boris da roban hana yoyo, ka tsaya ka ga gogewar fentin da idonka. A zuba man giya mai lamba GL-5, irin kaurin da littafin motar ya ce, ba baƙin man inji ba. Kilomita 800 na farko kada ka cika mata kaya, ka riƙa tsayawa ta huce, sannan ka zubar da man ka sa sabo.

Ka tuna kuma da hanyar da kake bi. Tsakanin Gushegu da Nakpanduri ba wurin da mutum zai so ya kwana da mota a lalace ba ne, ga dokar hana fita da aka sha sabuntawa a Bawku, wadda ba ruwanta da cewa giyarka ce ta tsaya.

Kuɗin uwargida sai da na yi wata bakwai kafin na gama mayarwa. Tsofaffin haƙoran da na lalata suna nan a ƙofar ɗaki, da babban take danne murfin randa.