Muryar Amfilifaya Tana Zuwa Tana Ɗaukewa? Ki Nemo Ciwon Kafin Ki Kashe Kuɗi



Yau maganar amfilifaya za mu yi, kada ki ce ina ruwan nas da kayan wuta. A nan Dawanau da ƙauyukan da ke kewaye, akwai matan da suka kwashi adashi suka sayi amfilifaya da sifika suna ba da haya ranar suna, kamu ko walima. Islamiyyar matan aure tana da tata don ranar sauka. Wata kuma ɗanta ne ke koyon jita ya tara kuɗi ya sayi ƙarama. Ranar da murya ta shaƙe ana tsakar taro, kuɗin haya ya tafi, mai biki kuma ba za ta sake aikowa ba.

Matsalar da ta fi cin kuɗi ita ce mai zuwa tana tafiya. Ana cikin magana sauti ya yi ƙasa, ko ya dishe kamar mai mura, can kuma ya dawo da kansa. Ki kai wa mai gyara, a gabansa ta yi ras. Kowace uwa ta san irin wannan: yaro ya kwana yana tari, a gaban likita yana wasa. Mu a asibiti abin da ke taimakonmu shi ne bayanin uwa: yaushe ya fara, da wane lokaci yake tashi, me ke tayar da shi. Amfilifaya ma haka take.

Ki fara da lura

Da zarar an kunna take yi, ko sai ta ɗauki zafi? Da wutar NEPA take yi, ko sai an koma janareta? Idan an taɓa waya ko an murɗa maɓalli sautin yana canzawa? Ki rubuta amsar a wayarki, ki ɗauki bidiyo lokacin da abin ke faruwa. Sannan ki bi gwaje-gwajen nan ɗaya bayan ɗaya. Idan kika canza abu biyu a lokaci guda ba za ki san wanne ne mai laifin ba.

1. Waya da batir

Nan ne ya fi arha, nan ne kuma laifin ya fi yawa. Wayar makirfo ko ta jita takan karye daga ciki, kusa da kan da ake sokawa, fatarta kuma lafiya lau. Ki rage ƙara, ki motsa wayar a hankali. Idan sauti ya yanke ko ya yi ƙara, ki ari wata ki gwada. Makirfo marar waya kuwa, batirinsa in ya yi sanyi murya takan dishe kafin ta ɗauke. Haka sifika mai caji.

2. Ƙura

Wanda ke zaune kusa da kasuwar hatsi ta Dawanau ko bakin titin Katsina ya san ƙurar tireloli da ta sheƙar hatsi, balle hunturu ya shigo. Ƙurar nan tana shiga maɓallin ƙara sauti da ramukan soka waya. Alamarta ita ce ƙara kamar ana yaga takarda duk lokacin da aka murɗa maɓalli. Ki kashe, ki murɗa maɓallin gaba da baya sau da yawa, ki soka waya ki zare a kowane rami. Kada ki manta da ramin iyafis, musamman a amfilifayar jita. A cikinsa akwai ɗan ƙarfen da ke yanke sifika idan an soka iyafis. In ya yi datti sai ya riƙa yanke sauti ba a soka komai ba. Akwai feshi na musamman da masu kayan wuta ke sayarwa don wannan aiki. Ban da ruwa, ban da kalanzir, ban da man keke.

3. Wuta

Kayan da ake sayarwa a ƙasar nan an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230 ko kusa da haka. Idan wuta ta yi ƙasa, ko ƙaramin janareta yana ɗauke da firij da dutsen guga, amfilifaya ba ta samun abin da zai ishe ta, sai murya ta shaƙe daidai lokacin da aka ɗaga ta. Ki duba ƙwan fitila: in yana dusashewa tare da sautin, ciwon ba a jikin amfilifaya yake ba. A rage wa janareta kaya, ko a sa sitabilaiza.

4. Zafi

Idan sai ta yi rabin awa ko awa guda take farawa, ta huce kuma ta dawo daidai, zafi ne. Ki ga ko fankarta na juyawa, ki ɗauke ta daga rana, ki cire zanen da aka lulluɓe ta da shi. Yawan jona sifiku ma yana jawo wannan. Sifika biyu masu om 8 idan aka jona su kai-da-kai sun koma om 4, huɗu kuma om 2. A bayan amfilifaya an rubuta mafi ƙanƙantar lambar da za ta iya ɗauka. In an yi ƙasa da ita za ta yi zafi ta yanke, wata ma ta ƙone.

5. Sifika

Ki leƙa takardar sifikar ko ta yage. Inda ake ajiye hatsi ɓera ba ya nisa. Ki jona wata sifikar ki ji. Idan dishewar ta tafi, kin gano mai laifi.

Inda za ki tsaya

In duk wannan bai yi ba, ki ɗan bubbugi akwatin da tafin hannu. Sauti ya dawo ko ya yanke? Mai yiwuwa dalmar da ta liƙe wani abu a ciki ce ta tsage, wannan kuwa aikin mai gyara ne. Don Allah kada ki buɗe, kada ki bar yaro ya buɗe. A ciki akwai kafasita, tana riƙe wuta bayan an zare soket. Kada garin gyaran gira a rasa ido. Idan kin ji ƙauri, kin ga hayaƙi, ko makirfo yana jan leɓe, a kashe nan take. Wuta in ta kama mutum, a kashe ta daga tushe ko a ture wayar da busasshen itace kafin a taɓa shi, sannan a kai shi asibiti ko da ya ce ya warware, domin tana iya taɓa bugun zuciya.

Ko mai gyaran unguwa za ki kai wa ko na Sabon Gari, ki haɗa masa da wayoyinta da makirfo, ki nuna masa bidiyon. Ki ce ya bar ta a kunne ta ɗauki zafi kafin ki biya, ya kuma ba ki abin da ya cire.

Kunnen yara

Da yawa in sauti ya yi ƙasa sai mu ƙure maɓalli. Hakan yana ƙara dishewar, yana ƙona sifika, in sautin ya dawo kwatsam kuma kunne ne ke karɓar dukan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 na cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Idan sai kin yi ihu ta kusa da ke take jin ki, ƙarar ta yi yawa. Ki matsa da goyonki nesa da sifika, ki kori yaran da ke zama a gabanta. Yaron da ya dawo daga biki ya kwana yana cewa kunnensa na ƙara, ko sai an maimaita masa magana, a kai shi a duba.

Mai ba da hayar sifika a cikinmu, wane ciwo taki ta fi yi, kuma nawa gyaran ya ci? Ki rubuto a ƙasa 'yan'uwa su ƙaru. Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya raya mana zuri'a.