Wasiƙa a Buɗe ga Malaman Makarantun Dakoro Kan Yara Masu Baiwa

Zuwa ga malamai maza da mata da daraktocin makarantun gundumar Dakoro ta jihar Maraɗi, tun daga Kornaka da Birnin Lalle har ƙauyuka da rugagen kwarin Tarka.

Abin da ake nufi da baiwa a nan shi ne saurin fahimta da zurfin tunani da suka zarce na tsarar yaro nesa, kuma ba lallai ne su bayyana a sakamakon kompozisiyo ba, wato jarrabawar da ake jera ɗalibai da ita daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Yaron da ya shiga ajin CI, wato ajin farko na firamare, da Hausa ko Fulatanci ko Buzanci a bakinsa, a yawancin makarantu da Faransanci ake tarbarsa, ko da yake Nijar ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973, saboda haka makin shekarun farko ya fi auna ƙarfin hadda da sabo da baƙon harshe fiye da tunani. Malamin da ke neman mai baiwa sai ya riƙa maimaita tambaya da harshen yaron. Ɗan kasuwar ƙauye da ke lissafin tiyar hatsi da dala, wadda faran biyar ce, sannan ya mai da shi faran a kansa, ninki biyar yake yi tun ba a koya masa ba, haka ma ɗan makiyayin da ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, rarrabewa yake yi mai tsari, kuma rashin lura da irin waɗannan asara ce babba.

Sau da yawa mai baiwa ba shi ne natsattsen aji ba, domin yakan gama aikinsa da wuri ya shiga tsokana, ko ya dami malami da tambayar dalilin komai har a ɗauke shi mai taurin kai. Ƙara masa irin aikin da ya riga ya iya horo ne, kuma ba shi aikin rubuta sunayen masu surutu yana haɗa shi gaba da abokansa. Abin da ya dace shi ne a ba shi matsala mai wuya wadda ba a nuna hanyarta ba, a ara masa littafi, a bar shi ya zauna darasin lissafi da ajin gaba, a kuma kai batunsa taron CAPED, inda malaman yanki ke tattauna dabarun koyarwa. Darakta ya rubuta abin da aka gani a kundin makaranta, domin ana yawan canza wa malamai wurin aiki.

Inda aka fi rasa waɗannan yara shi ne tsakanin CM2, ajin ƙarshe na firamare, da kwaleji, lokacin da ɗan ƙauye ke buƙatar mai masauki a gari, ƴa mace kuwa ake fara maganar aurenta, duk da dokar 2017 da ta tanadi kare karatun ƴan mata. A nan malami ba zai iya shi kaɗai ba, sai da kwamitin COGES na iyaye da malamai, da ƙungiyar iyaye mata, da maigari da liman. Jihar da ta haifi Abdou Moumouni a Tasawa a 1929, masanin makamashin rana da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tana da hujjar da za ta nuna wa uba mai shakka. Akwai kuma Lycée d'Excellence a Yamai, makarantar haziƙai da ake shiga ta hanyar gasa, amma yaron da ba shi da takardar haihuwa ba ya kai wa ga jarrabawa, don haka ya kamata darakta ya binciki takardun ɗalibansa tun suna CE1, aji na uku, ya tura iyayen waɗanda ba su da ita su nemo hukuncin kotu da ke maye gurbinta.