FILIN MATA: Ƙofofi Biyu a Cikin Hanji

Abin da ya sa na ɗauko maganar wannan mako, gwaggona ce ta dawo daga asibiti a Katsina ranta a ɓace. Likita ya auna jininta, ya ce akwai maiƙo da yawa a ciki, irin wanda su ke kira kolestarol, ya ce kuma in ba ta kula ba yana iya toshe mata jijiya. Tana isowa Mashi sai ta kafa doka a gida. Ta hana jikokinta ƙwai, ta ba da kwalbar man gyaɗarta sadaka, ta aika aka sayo mata wani mai na kanti mai tsada domin an rubuta a jikin galan ɗin cewa ba shi da kolestarol. Amma man shanun da ta ke kwararawa a kan tuwo kowane dare, da soyen layya da ke kwance cikin kitsensa, ba ta taɓa su ba.

Na ce mata, "Gwaggo, kin kori baƙo kin bar ɓarawo a ɗaka." Ta ce in yi mata bayani. Abin da na gaya mata shi zan gaya muku, gama na san ba gidanmu kaɗai a ke wannan kuskure ba.

Da fari dai, kolestarol ba dafi ba ne. Wani abu ne mai kama da kakin zuma, jiki ba ya rayuwa sai da shi. Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani, kowace kuwa tana naɗe cikin wani tantani siriri, wanda sai an jera fiye da 10,000 kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Kolestarol ne ke ƙarfafa wannan tantani. Da shi kuma hanta ke yin ruwan matsarmama, wanda ke narkar da mai a cikin hanji kamar yadda sabulu ke narkar da maiƙon kwano. Yawancin wanda ke jikinmu jikin ne da kansa ke yinsa, saura kuwa daga abinci ne, kamar su ƙwaƙwalwa, da hanta, da ƙoda, da gwaiduwar ƙwai, da man shanu. Ɓarnarsa sai ya yi yawa a jini. A sa'an nan ne ya kan daskare a bangon jijiya shekara da shekaru, har wata rana hanya ta toshe, a ce wance ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye, ko zuciyarta ta tsaya.

Tsire-tsire kuwa suna da nasu irin, wanda ya yi kama da kolestarol kamar wa da ƙane. Babbansu shi ne a ke kira sitostarol. Akwai shi a gyaɗa, da riɗi, da wake, da masara, da man da a ke matsa daga cikinsu. Saboda haka man gyaɗar da maƙwabciyarki ta matsa jiya da man kantin nan mai tsada duk ɗaya su ke a wannan wuri. Rubutun da ke jikin galan gaskiya ne, amma gaskiyar da ba ta cancanci ƙarin ko kwabo ba.

To, ga abin al'ajabi. In mutum ya ci kolestarol, wajen rabinsa ya kan shiga jini. In ya ci na tsiro, cikin kashi 100 da ƙyar kashi 5 su shiga. Abu biyu masu kama haka, yaya hanji ke rarrabe su? Masana sun daɗe suna wannan tambaya, sai a 'yan shekarun nan aka sami amsarta.

Ku tuna da ganuwar Katsina a zamanin da. Ba wanda ke tsallake ta, sai dai ya bi ta Ƙofar Sauri, ko Ƙofar Ƙaura, ko Ƙofar Marusa, ko wata cikin 'yan'uwansu, kowace da mai tsaronta. Haka tantanin ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon ƙaramin hanji ya ke. Ganuwa ne, ƙofofinsa kuwa wasu sinadarai ne da a ke kira furotin, waɗanda ke kafe a cikinsa.

Ƙofa ta fari ta shiga ce. Masana sun sa mata suna NPC1L1, kuma a shekarar 2004 aka tabbatar ita ce mashigar kolestarol. Kamar zare ta ke, dogo, wanda ya ratsa tantanin sau 13, ya shiga ya fita kamar ɗinki. Kanta yana leƙe cikin hanji, shi ke cafke kolestarol, ya miƙa shi cikin wani ɗan rami da ya ratsa ta tsakiyarta har zuwa tantani. Wannan ƙofa ba ta da tsanani, na dabba da na tsiro duk tana barinsu su wuce.

Ƙofa ta biyu ta fita ce, ita ce mai tankaɗe da rairaya. Tagwaye ne, ABCG5 da ABCG8, kowane ya ratsa tantanin sau 6, kuma ɗaya ba ya aiki sai da ɗan'uwansa. Suna ƙona makamashin jiki su tunkuɗa kusan dukan na tsiron nan su mai da shi cikin hanji, ya fita da bayan gida. Akwai irinsu kuma a hanta, suna zubar da rarar kolestarol cikin ruwan matsarmama. In zubarwar ta yi yawa ya kan dunƙule ya zama tsakuwa, ciwon da ya fi kama mata bisa ga maza.

Daga nan za ku gane amfanin gyaɗa da riɗi da wake. Kolestarol ba ya isa bakin ƙofa sai ruwan matsarmama ya ɗauko shi cikin 'yan ɗigo-ɗigo, wurin zama a ciki kuwa kaɗan ne. In na tsiro ya yi yawa sai ya cika wurin, kamar motar kasuwa da ta cika tun daga tasha, a bar kolestarol a ƙasa. Shi kuma na tsiron ya shiga ta ƙofar fari, tagwaye su koro shi. An gwada an ga giram 2 na sinadarin tsiron nan kullum yana rage mugun kolestarol na jini da wajen kashi 10 cikin 100. Abincin yau da kullum ba ya ba da wannan yawa, amma abin da ya bayar ba banza ba ne.

Yaya aka gano tagwayen? Ta hanyar marasa lafiya. A 1974 wasu masana biyu a Amurka suka ba da labarin 'yan mata biyu, ya da ƙanwa, masu ƙulli-ƙulli a agararsu, jininsu cike da sinadarin tsiro. Ciwon gado ne kamar sikila, sai yaro ya gada daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi samun hanya inda auren zumunci ya yi yawa. A 2000 wata likita, Helen Hobbs, da abokan aikinta a birnin Dallas suka bi diddigin irin waɗannan iyalai, suka tarar tagwayensu ne suka lalace. A 2016 ita da abokan aikinta suka fito da siffar tagwayen, lungu da saƙo. Siffar ƙofar fari kuwa an gan ta a 2020, da wata na'ura mai ɗaukar hoton abu bayan an daskarar da shi cikin tsananin sanyi. A nan aka ga yadda wani magani, ezetimib, wanda aka fara bayarwa a Amurka tun 2002, ke zama a bakin ramin nan ya toshe shi kamar an sa tsumma a bakin tulu. Watau an yi shekara 18 ana shan maganin kafin a ga da ido inda ya ke zama.

Ciwon nan ba kasafai a kan same shi ba. Amma kadan kika ga ɗanki da ƙulli mai ruwan ɗorawa a gwiwar hannu, ko gwiwar ƙafa, ko agara, kada ki kai shi a tsaga, ki kai shi asibiti a auna jininsa. In shi ne, to gyaɗa da mai na tsiro da ke gyara wasu, shi cutarsa su ke yi.

Ga abin da na shawarci gwaggo, na ke kuma shawartarku. Abin da ya fi hau da kolestarol a jini shi ne mai mai daskarewa, watau kitse, da man shanu, har da man ja in ya yi yawa, ko da ya ke shi ba kolestarol a cikinsa. Irin wannan mai ya kan sa hanta ta yi sanyin jiki wajen kwashe kolestarol daga jini. A rage shi. Man shanu ya zama na ƙamshi, rabin cokali ya isa. Soyen layya a tsane shi daga kitse kafin a ci. A yi miya da man gyaɗa daidai misali, gama shi ma in ya yi yawa ƙiba zai kawo. A yawaita ɗanwake, da alala, da faten wake, da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, da miyar riɗi. Kada a hana yara ƙwai, suna bukatarsa domin girma. Wadda likita ya rubuta wa magani kuwa ta sha shi yadda aka ce, kada ta ajiye domin ta fara cin wake. Maiƙon jini ba ya ciwo, ba ya zazzaɓi, sai awo ke nuna shi, saboda haka wadda ta kai shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai ciwon sukari, ta roƙi a auna ta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe wannan. Wadda ta fito da siffar kolestarol a 1945 tare da wani abokin aikinta mace ce, Dorothy Hodgkin, haifaffiyar Alƙahira a 1910, matar aure mai 'ya'ya uku, ga kuma ciwon sanyin ƙashi da ya lanƙwasa mata yatsu. Tana ƙasar Gana, inda mijinta ke aiki a jami'a, labari ya iske ta a 1964 cewa ta ci kyautar Nobel. Kada wani ya ce muku lissafi da kimiyya na maza ne.

Gwaggo dai ta aika an sake matso mata man gyaɗa, jikoki kuma sun koma cin ƙwansu. Man shanu ne har yanzu mu ke ja-in-ja a kai, ta ce tuwon gero ba shi wucewa sai da shi. Mun shirya a kan rabin cokali, bayan wata uku mu koma awo. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.