Dare mahutar bawa, ban da matuƙin jirgin kaya

A makon jiya na je Tibiri gaida wani dattijo, aminin mahaifina, wanda ya yi shekara da shekaru yana jan kamyon tsakanin Faraku da Maraɗi, ta Gaya da Doso da Birnin Ƙonni. Na iske shi a zaure cikin tunani. Ɗansa ne ya samu bak a lise ta Ɗan Baskore, dangi suka haɗa ƙarfi, har aka saida wata gonar gado da ke wajen Jiratawa, aka tura shi ƙasar waje koyon tuƙin jirgin sama. Yanzu yaron ya samu takardarsa, kuma ƙofofi biyu sun buɗe masa: kamfanin da ke ɗaukar fasinja, da wani da ke jigilar kaya zalla, wanda albashin da ya yi masa tayi ya fi tsoka.

Dattijon ya dube ni ya ce: "Ɗana, kai da ke karanta jaridun nasara, gaya mini, kaya da mutane, wanne ya fi cin direba?" Na ce: "Baba, a ba ni mako guda." Ga amsar da na samo, na ga ya dace in kawo ta a wannan fili, domin a yau ƴaƴan ƙasar nan da ke sha'awar wannan sana'a suna ƙaruwa.

Da farko mu ba jirgin kaya haƙƙinsa. Kaya ba ya gardama, ba ya makara, ba ya suma a sama. Sannan aikinsa ya fi jure wa masifa. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, ƙasashe da dama, har da Nijar, sun rufe filayen jiragensu ga fasinjojin ƙetare, aka sallami matuƙa masu yawa a duniya, amma jiragen kaya suka ci gaba da tashi da magunguna da abinci. Mu kuwa mun san yadda kamfanin fasinja ke mutuwa: Air Afrique, wanda ƙasashe 11 suka kafa a Yawunde a 1961, Nijar tana cikinsu, ya durƙushe a 2002, ya bar ma'aikatansa cikin halin ƙaƙa-nika-yi. Wanda iyayensa suka saida gona dominsa yana da hujjar neman aikin da ba ya yankewa.

To amma me matuƙin kaya ke bayarwa a madadin wannan? Darensa yake bayarwa. Ciniki ya ginu a kan a karɓi kaya da yamma, a isar da shi da safe. Don haka manyan kamfanoni ke tara jiragensu a tsakar dare a wuri guda, a rarraba kayan, kowane jirgi ya sake tashi kafin asuba: FedEx a Memfis ta Amurka, DHL a Laifzig ta Jamus. Matuƙi yakan kama aiki lokacin da mutane ke shirin kwanciya, ya sauka lokacin da ladan ke kiran assalatu, ya shiga ɗakin otel ya rufe labule yana neman barci da rana tsaka. Wanda ke dogon zango kuma, agogon garin da ya sauka ya sha bamban da na garin da ya baro.

Jikin ɗan Adam yana da nasa agogo, wanda hasken rana da duhu ke saitawa. Saurayi mai shekara 25 yana iya saɓa masa ya tashi garau, amma bashi ne ake ci, kuma a kan zo biya bayan an haura 45. Likitoci sun daɗe suna danganta aikin dare na shekaru masu yawa da rashin barci, da ƙiba, da ciwon sukari, da ciwon zuciya. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya aikin dare cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa sankara, a 2007, ta kuma sake tabbatar da haka a 2019.

A nan ne lissafin ya bambanta da na sauran sana'o'i. Ɗan kasuwa mai hawan jini yana iya zama a shagonsa ya ci gaba da ciniki. Matuƙi kuwa ba ya taɓa jirgi sai da takardar likita, wadda ake sabuntawa kowace shekara, bayan shekara 60 kuma kowane wata 6. Ranar da likita ya ƙi sa hannu, ranar albashi ya tsaya. Ƙa'idar hukumar OACI ta ba matuƙin jirgin kasuwanci damar ƙetara iyakokin ƙasashe har ya cika shekara 65, amma sai wanda jikinsa ya kai shi. Ashe wanda ya ci albashi mai tsoka ya faɗi a 50 ya yi asarar shekara 15 na lokacin da matuƙi ya fi samu. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki. A wannan sana'a ita ce kuma uwar aljihu.

Doka ma ba kullum take kallon matuƙan biyu da ido ɗaya ba. A Amurka, sabuwar dokar hutun matuƙa da ta fara aiki a watan Janairun 2014 ta wajaba a kan jiragen fasinja, aka bar na kaya a waje. Alhali a watan Agustan 2013 jirgin kayan UPS ya faɗi da asuba kusa da filin Bamingam ta jihar Alabama, matuƙa biyu suka rasu, kuma bincike ya ambaci gajiya cikin dalilan. Kafin nan, a watan Oktoban 2004, wani Boeing 747 na kaya mai rajistar ƙasar Gana ya tarwatse yana tashi daga Halifas ta Kanada, mutum 7 da ke ciki suka rasu. An gano lissafin nauyin da aka yi amfani da shi ba daidai ba ne, kuma ma'aikatan a gajiye suke. Shi kansa kayan yana da haɗarinsa: a watan Satumban 2010 wuta ta tashi cikin lodin batura a wani jirgin UPS, ya faɗi a Dubai.

Saura batun gida. Filin jirgin Maraɗi, wanda aka gyara albarkacin bikin Maraɗi Ƙwalliya na 2015, ba mazaunin jiragen kaya ba ne. Ɗan Tibiri da ya zaɓi wannan hanya zai zauna inda kamfani ya kafa sansani, ko Adis Ababa, ko Legas, ko Liyej ta Baljik. In ya samu hutu sai ya sauka Yamai, sannan ya fuskanci kilomita fiye da 600 kafin ya ga mahaifiyarsa. Suna, biki, jana'iza, sallar idi, yawancinsu ta waya zai ji labarinsu. A kamfanoni da yawa kuma, daɗewa ita ke ba mutum zaɓin ranakun hutu, wanda ya sauya kamfani sai ya koma ƙarshen layi. Don haka zaɓin farko yana da nauyi.

Shawarata ga wannan ƙane nawa da ire-irensa ita ce, kafin su sa hannu su tambayi abu huɗu. Dare nawa a jere ake tashi, kuma kwana nawa ake hutawa a gida? Wace hukuma ke sa ido a kan kamfanin da gyaran jiragensa? In likita ya karɓe takarda, akwai inshorar da za ta riƙe iyali? Ina kuɗin ritaya ke taruwa, kuma za a iya cinsu a Nijar? Su nemi matuƙin da ya haura 55 a kamfanin su dubi fuskarsa, su tambaye shi yadda yake barci. Su kuma riƙe wani ilimi na ƙasa, kamar koyarwa ko tsara zirga-zirgar jirage, irin wanda makarantar EAMAC ta Yamai ke bayarwa tun 1963.

Da na koma Tibiri na zayyana wa dattijon wannan duka, sai ya yi shiru, can ya ce: "Ɗana, ni ma dare na saida na gina gidan nan. Yau ga gida, ga katifa, barcin ne babu. Ka gaya wa ƙanenka ya karɓi aikin kayan in yana so, ya biya dangi gonarsu, amma tun ranar da zai shiga ya san ranar da zai fita."

Na isar da saƙo. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.