Cukun tumaki da lambar kwastam: Makiyayi ne ke biyan kuɗin rikicin manya

A watan Fabrairun 2019, makiyayan tsibirin Sardiniya na ƙasar Italiya sun riƙa kwarara madarar tumakinsu a kan tituna. Kamfanoni na sayen lita ɗaya a kan kusan santi 60 na yuro, farashin da suka ce bai kai kuɗin da suke kashewa wajen kiwo ba. Fiye da rabin madarar tumakin tsibirin ana sarrafa ta ne zuwa cuku iri ɗaya, Pecorino Romano. Da cukun ya yi yawa a kasuwa farashinsa ya faɗi, sai asarar ta sauka a kan mai tatsa.

Babbar kasuwar wannan cuku a waje ita ce Amurka. Ke nan abincin iyalai da dama a Sardiniya ya dogara da abin da aka rubuta a wani layi cikin kundin harajin kwastam na wata ƙasa.

Kusan duk duniya na amfani da tsarin lambobi guda wajen rarraba kaya, wanda Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels ke kula da shi, kuma ya fara aiki a 1988. Cuku na ƙarƙashin lamba 0406. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, daga nan kowace ƙasa ta ƙara nata.

A kundin Amurka, lamba 0406.90.56 ta cukun madarar tumaki ce da ya iso a dunƙulensa na asali, kuma ya yi taurin da za a iya gurza shi. Shekaru da yawa yana shiga ba tare da haraji ba. Idan aka yayyanka shi ko aka gurza kafin a turo, sai ya koma wani layi mai haraji. Idan aka gauraya da madarar shanu, ya bar rukunin gaba ɗaya, domin Amurka na ƙayyade yawan cukun shanu da ke shiga don kare manomanta.

Akwai kuma dokar lafiya. Amurka ba ta yarda a sayar da cukun da aka yi da ɗanyar madara ba, sai ya yi aƙalla kwana 60 a ajiye. Pecorino Romano na yin wata 5 zuwa 8 ko fiye, Roquefort na Faransa kuma aƙalla kwana 90, don haka duka sun haye. Wannan sharaɗi a bayyane yake, mai sana'a zai iya shirya masa.

Abin da ba ya iya shirya masa shi ne ramuwar gayya. A 1999, Amurka ta ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan Roquefort, saboda Tarayyar Turai ta hana shigo da naman shanun da aka bai wa sinadarin ƙara girma. Masu kiwon tumakin kudancin Faransa ba su da hannu a rikicin. A watan Agustan shekarar, José Bové ya jagoranci manoma suka farfasa wani shagon McDonald's da ake ginawa a garin Millau. A Janairun 2009 gwamnatin Bush ta sanar da ninka harajin zuwa kashi 300, kafin a sasanta.

A Oktoban 2019 an maimaita: rikici kan tallafin jiragen Airbus, amma cukun Manchego na Sifaniya ya sha harajin kashi 25, har zuwa 2021 da aka dakatar. A Agustan 2025 kuma harajin kashi 15 da gwamnatin Trump ta sanya wa kayan Turai ya haɗa da Pecorino Romano. Idan giwaye suka yi faɗa, ciyawa ce ke shan wahala.

A ra'ayinmu, kowace ƙasa na da haƙƙin kare lafiyar jama'arta da masana'antunta. Amma garkuwa da abincin makiyayi domin a ci nasara a rikicin jiragen sama zalunci ne, ko da Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya ta amince da shi. Cukun da ke ɗaukar wata takwas kafin ya nuna an riga an yi shi tun kafin a sauya dokar.

Mu ma muna da namu layin. A tsarin harajin bai-ɗaya na ECOWAS da ya fara aiki a 2015, garin madara mai zuwa a manyan buhuna na biyan kashi 5 ne kacal. Akwai kuma garin da aka cire masa man shanu aka maye da man itatuwa, galibi na kwakwar manja. A takardar kwastam yana ƙarƙashin lamba 1901, ba ya ma cikin babin madara, amma a kasuwa da sunan madara ake auna shi. Da shi Bafulatana mai tallan nono ke gogayya, ba tare da ta san akwai wata lamba da ta shafe ta ba.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo da Hukumar Kwastam su tabbatar ƙungiyoyin makiyaya na da kujera a duk lokacin da za a sake duba waɗannan lambobi. NAFDAC kuma ta tilasta a rubuta ƙarara abin da ke cikin buhu, domin mai saye ya san ko madara ya saya ko kuwa gauraye.