Sanarwar Bayan Taron 'Ya'yan Tozai Kan Tafiyar Siyasar Garkuwan Sakkwato

'Ya'yan Tozai na gida da mazauna Isa da Sakkwato sun zauna a ƙarshen mako don nazarin tafiyar siyasar Alhaji Attahiru Ɗalhatu Bafarawa, Garkuwan Sakkwato, ɗan ƙaramar hukumarmu ta Isa, da abin da matasa masu sha'awar takara za su tsinta a ciki.

Taro ya tuna cewa daga kujerar kansila mai kula da ilimi ya faro. A 1979 ya nemi majalisar wakilai a GNPP ta Waziri Ibrahim, ya sha ƙasa. Sai da aka shekara 20, bayan ya halarci taron tsara kundin mulki na 1994 zuwa 1995, sannan ya hau gwamna a 1999 a APP, ya sauka a 2007, shekarar da ya yi takarar shugaban ƙasa a DPP. Kan mulkinsa baki bai zo ɗaya ba. Wasu sun kawo hanyoyin da ya shimfiɗa, wasu suka tsaya kan yawan sauya sheƙa. An bar kowa da ra'ayinsa.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar iyaka. Tun 2019 dubban mutanen Sabon Birni da Isa suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi ta Nijar, musamman wajen Gidan Rumji, suna gudun 'yan bindiga. Wata uwa ta shaida wa taro cewa da tukunya ɗaya da tabarma ta ƙetare, kuma dangin mijinta na can ne suka ba ta ɗaki. Gobirawan Tibiri da na Sabon Birni ai jini ɗaya ne. Amma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ba a tambayi mai awaki ko mai gero ba, kuma a Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS. Taro ya lura cewa yankinmu ya haifi gwamna, ya haifi sanatoci, har Sanata Ibrahim Gobir ya jagoranci masu rinjaye a majalisar dattawa a 2022, amma muryarmu ba ta ƙarfi a teburin da ake zama da Yamai.

Don haka taro yana roƙon Garkuwa da Sanata Ibrahim Lamiɗo su kai kukan Gobir gaban Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar, wadda aka kafa a 1971, kan tsaron iyaka da dawowar 'yan gudun hijira gonakinsu.

An kuma nemi a aiwatar da hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, kuɗin ƙaramar hukuma su riƙa shiga asusunta kai tsaye. Kansila marar ko sisi ba ya iya maye gurbin kwanon ajin da iska ta yaye.

Daga yau, duk mai neman ƙuri'ar Tozai sai ya zo da ƙafarsa ya zauna da dattawa. Ba za a karɓi ɗan aike ba.

Sa hannu:
Shugaban Taro
Sakatare